Wa ke juya wa kalmomin sara ma'ana?

Ummin_Yara:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da magana a kan Hausar da yaranmu ke yi yanzu. Ni a ganina wayar hannu ce ta ɓata mana harshe, musamman TikTok. Kalma za ta fito yau, kafin sati biyu kowa ya ɗauka, kafin a ankara ta bar ma'anarta ta koma wani abu dabam. Ku duba "wuf". Da can cewa ake yi kyanwa ta yi wuf ta cafke ɓera, ko yaro ya yi wuf ya miƙe. Sai aka wayi gari saurayi na cewa zai yi wuf da wance, wai zai aure ta. Ba a ma tsaya kan aure ba, yanzu wanda ya samu waya da araha ya yi wuf da ita, mai neman kujera zai yi wuf da ita. Wadda ta fi damuna ita ce "shege". Yaro zai ci ƙwallo, abokansa su ce "kai, shege!" shi kuma yana washe baki don yabonsa aka yi. Kalmar da a da ake zuwa gaban alƙali a kanta. Wa ke juya waɗannan kalmomi? Kuma haka za mu zuba ido?

Tsohon_Malamin_Firamare:
Wa alaikumus salam Hajiya. Damuwarki a kan hanya take, amma kin ɗora wa waya laifin da ya girme ta. Ɗauki "bariki". Asalinta wurin zaman soja da Turawan mulki ne. Da yake a gefen nan ake sayar da giya, mata masu zaman kansu suka tare, sai kalmar ta tashi daga wuri ta koma hali: ɗan bariki, 'yar bariki, barikanci. Haka "kilaki". Sunan ma'aikacin ofis ne mai rubutu, akawu ke nan, amma a bakin Bahaushe ta ƙare a kan karuwar birni mai ado. Ko "banga". A siyasar NEPU da NPC a shekarun 1950, matasan da ke gaba-gaba wajen taron jam'iyya su ne 'yan banga, daga kalmar Turanci vanguard. Daga baya sunan ya zama na masu duka da sara lokacin zaɓe. Yau kuma a garuruwa da yawa in an ce 'yan banga, ana nufin masu sintirin tsare unguwa da dare. Duk wannan juyin an yi shi babu intanet.

Ummin_Yara:
Na yarda Baba. Amma waɗannan da ka lissafa shekaru suka ɗauka kafin su juye. Mutum ya girma da kalma, ya tsufa da ita. Yanzu fa? Ni da 'yata muna gida ɗaya, amma sai ta yi magana in ce ta maimaita.

Direban_Adaidaita:
Abin da nake ci da shi ma misali ne. Yawancin matasan da nake ɗauka ba su san "A Daidaita Sahu" shiri ne na gyaran tarbiyya da gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kawo a Kano ba. Maganar kuwa daga masallaci aka ɗauko ta, abin da liman ke faɗa kafin ya tada kabbara. Gwamnati ta kawo babura masu ƙafa uku don ɗaukar mata, sai jama'a suka riƙa kiran babur ɗin da sunan shirin. Da aka hana acaɓa a 2013 muka cika gari. Yanzu wani ya ce adaidaita, wani ya ce ɗan sahu, shirin kuwa an manta da shi. Abin da ke min ciwo, yau in aka ce "ɗan adaidaita", abin da ke fara zuwa ran mutane shi ne mai karya dokar hanya. Sunan da aka raɗa don ladabi.

Bamaraɗe:
Nan Maraɗi ma adaidaita muke ce mishi, alhali ba mu taɓa yin wancan shiri ba. Sunan ya biyo babur ɗin ya ƙetaro iyaka. Haka "tazarce" ta yi. Ku kunka fara ta zamanin Abaca, a 1998, har kunka sa ma riga sunan. Mu kuma a 2009 da shugaban ƙasarmu Tanja Mamadu ya nemi ƙarin shekara ukku bisa mulki, sai kalmar ta tashi da ƙarfinta, har jaridun Faransanci suna rubuta ta. A watan Fabrairu na 2010 soja sunka kifar da shi. Waɗanda sunka fara faɗinta fatan alheri suke yi ma gwaninsu, amma wurinmu yanzu zargi ce.

Yar_Tudun_Wada:
@Bamaraɗe mu a nan ta huce. Duk gwamnan da ya ci zaɓe karo na biyu sai a ce ya yi tazarce, kuma ba zagi ba ne. Har shugaban ƙungiyar 'yan kasuwa yana tazarce.

Ɗalibar_Harshe:
Anti Ummi, ina ganin ke da Baba duk kuna da gaskiya, kowa gefe ɗaya ya riƙe. Juyin ma'ana tsohon abu ne, shi ya sa ma muke da kalmar "sara" da "yayi". Saurin ne sabo.

Sara tana yawan fitowa ne daga mutanen da ke son su yi magana na waje bai gane ba: 'yan tasha, 'yan kasuwa, ɗalibai, 'yan daba, masu shaye-shaye. Ku duba "ƙwaya". Ƙwayar hatsi ce, ta zama ƙwayar magani, yau "ɗan ƙwaya" kowa ya san wa ake nufi. "Sholisho" ruwan liƙin faci ne na masu gyaran taya. "Caji" na batir ne, amma "ya yi caji" ya bugu ke nan. Da zarar iyaye da 'yan sanda sun gane kalmar, ta daina amfani ga masu ita, sai su yar su ƙirƙiro wata. Mu kuma da muka tsinta sai mu yi amfani da ita yadda muka fahimta.

A nan waya ta shigo. Da, in ka ji sabuwar kalma a majalisa ko a teburin mai shayi, ka ga wanda ya faɗa, ka ga wanda aka faɗa wa, ka san abin da ya jawo ta. In ka sa ta inda ba wurinta ba, nan take za a yi maka dariya a gyara maka. Yanzu yarinya a Gusau za ta ji kalma a bidiyon daƙiƙa 30 da wani ya yi a Jos. Ba ta san shi ba, ba ta san labarin da ke bayan maganar ba, kalmar kawai ta samu. Sai ta cike giɓin da tunaninta, ta yi nata bidiyon, wasu dubbai su koya daga gare ta. Babu mai gyara wa kowa. Don haka amsar tambayarki ta farko, ba mutum ɗaya ke juya su ba. Masu ɗauka ne ke juyawa, ba masu ƙirƙira ba.

Ɗan_Fagge:
Allah ya saka Anti Ɗaliba. Mama, da girmamawa, wallahi in na ce wa abokina shege ko kusa ban tuna mahaifiyarsa ba. Nufina ya iya, ya ƙware. Shi ma haka ya ji. Kuma ba mu muka fara ba, yayyenmu ma suna cewa "shegen wayo gare shi", "shegiyar mota". Mu dai mun ƙara mata gishiri ne. Kuma mun san inda ake faɗa. Ba zan taɓa furta ta gaban mahaifina ba.

Almajirin_Zaure:
Ɗan_Fagge, ɗan'uwa, niyyarka mai kyau ce, amma kalmar tana da hukunci. Ce wa mutum shege kore masa nasaba ne, kuma jifan mahaifiyarsa ne. Haddin ƙazafi bulala 80 ne, yana nan a Suratun Nur. Ban ce abokin wasa da ya faɗa a filin ƙwallo a kama shi ba, amma harshen da ya saba da ita cikin raha, ranar fushi ita zai fara jawowa. Akwai kuma wadda ta fi yawa a bakin manya ma: "ta yi bala'in kyau", "abincin ya yi masifar daɗi". Allah ya ba ka ni'ima, ka kira ta bala'i? Muna roƙon tsari daga masifa da asuba, da rana muna yabon tuwo da ita.

Ɗalibar_Harshe:
Allah ya gafarta Malam, wannan da ka kawo ita ce hanya ta biyu. Mai magana yana son ya nuna abu ya kai matuƙa, "ƙwarai" da "sosai" sun yi masa sanyi, sai ya ɗauko kalma mai zafi. Mugun kyau, bala'in tsada, azabar sanyi. Da yawan amfani zafin ya ƙare, sai a nemi wata. Turawa da Larabawa ma suna yi a harsunansu. Ban kawo wannan don in halatta ba, ina nuna yadda abin ke aiki ne.

Almajirin_Zaure:
Na gane Malama. Amma sanin yadda cuta ke yaɗuwa ba ya hana a nemi magani.

MaiGoro_Agege:
Ku kuna maganar kalmar da ta juye a gida. Ku zo Legas ku ga wadda aka ɗauke mana aka juya ta a kanmu. "Aboki". Akwai kalmar da ta fi wannan daɗi a Hausa? Kakanninmu da suka zo fatauci suna kiran abokin ciniki da ita don girmamawa. Yau a bakin wasu a nan, aboki shi ne ɗan Arewa mai gadi, mai gyaran takalmi, mai tura baro, wanda a ganinsu bai san komai ba. Na taɓa shiga wani ofis da takarduna cikakku, ma'aikacin ya dube ni ya ce wa na kusa da shi a sallami abokin nan tukuna. Yadda ya furta ta, na fi son a ce ya zage ni kai tsaye. Ba kowa ba ne, akwai waɗanda ke faɗa da zuciya ɗaya. Amma kana ji kana gane wacce ake nufi.

Yar_Tudun_Wada:
Gaskiya ne Alhaji. Har shafin da ke wallafa farashin dala a kasuwar bayan fage abokiFX aka sa masa, wanda Babban Banki ya taso wa a 2021. Wato a wurinsu aboki shi ne ɗan canji. Ita ma "shege" ɗin da Anti ke magana sun ɗauka. In ɗan Kudu ya ce ya ga shege, wahala yake nufi, ba ruwansa da maganar haihuwa. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ko'ina ita ake ji.

Nima_Zango:
Gaisuwa daga Ankara. Mu a Gana muna da irin wannan da yawa. "Sakawa" Hausa ce tsantsa, saka abu a cikin abu. Yau duk ƙasar in an ce sakawa, damfarar intanet ake nufi wadda ake haɗawa da tsafi. Wanda bai taɓa jin Hausa ba ya san kalmar, kuma saboda ita wasu suna kallon yaran zango da wannan ido. "Malam" ma haka, a bakin mutane da yawa ba mai karantarwa ba ne, mai yin asiri ne. Amma akwai masu daɗi. Waakye da duk Gana ke alfahari da shi, wake ne namu, shinkafa da wake. Mata masu dako a kasuwa kuma kayayo ake ce musu, an haɗa "kaya" na Hausa da kalmar mace a harshen Ga.

Bagarwe_237:
Mu a Kamaru "soya" ake ce wa tsire. Ka je unguwar Briqueterie a Yawunde da dare ka gani. Alhali a Hausa suya da mai ake yi a kasko, tsire kuwa gashi ne. Sun ɗauki sunan wani aiki sun sa wa wani.

Ɗalibar_Harshe:
@Bagarwe_237 kuma da wannan ma'anar ta tsire "suya" ta shiga ƙamus ɗin Oxford, a jerin kalmomin Najeriya da aka sanar a farkon 2025, tare da "japa" ta Yarabawa. Ita ma japa asalinta tserewa ne, yanzu ta zama ƙaura zuwa Turai ko Kanada. Kannywood da okada tun 2020 suka shiga. Okada kuwa sunan gari ne a jihar Edo, aka sa wa kamfanin jirgin sama, daga nan ya sauko kan babur.

Sarkin_Yaƙin_Facebook:
To ai mu ma mun yi wa Turawa. Book suka ce, muka mayar da shi boko.

Tsohon_Malamin_Firamare:
A'a ɗana, wannan kuskure ne da ya yaɗu har cikin littattafai. Boko Hausa ce tun kafin Bature ya zo. Ma'anarta abin da ba na gaskiya ba, yaudara. Ba ka ji ana cewa "biri boko" ba? Ko "amaryar boko", wadda ake lulluɓewa a fita da ita a matsayin amarya alhali ta gaskiyar tana wani wuri? Da Ɗan Hausa, wato Baturen nan Hanns Vischer, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, iyayenmu da suka san karatun allo suka dubi wannan sabon karatu suka ce na boko ne, wato ba na ƙwarai ba. Farfesa Paul Newman ya yi rubutu a kan haka a 2013, ya nuna ba daga book ta fito ba. Ka ga raini ne aka fara da shi. Da 'yan boko suka zama su ne gwamnoni da likitoci, sai rainin ya goge, har uba na alfahari ɗansa ya yi boko mai zurfi. Sai kuma masifar Maiduguri ta zo, duniya duka ta san kalmar ta wata fuska. Ita ma ƙungiyar Boko Haram ba ita ta raɗa wa kanta wannan suna ba, mutanen gari ne suka laƙaba mata.

Yerwa_Kanuri:
Haka ne Baba. Mu a Maiduguri mun ga wani irin wannan kafin nan. Ecomog rundunar ƙasashen Afirka ta Yamma ce da aka tura Laberiya a 1990 don kawo zaman lafiya. A garinmu sai sunan ya koma kan 'yan bangar siyasa. Yaro zai ce shi ɗan Ecomog ne, bai san ma akwai wata ƙasa Laberiya ba.

Sarkin_Yaƙin_Facebook:
Na gode Baba, na ƙaru. Amma "gaye" dai tasu ce ko?

Tsohon_Malamin_Firamare:
Wannan tasu ce, guy. Su a wurinsu namiji ne kawai, kowane iri. Mu muka ce sai mai ado, muka yi mata jam'i gayu, muka ce "ya yi gayu", har mace 'yar gayu ce.

Ummin_Yara:
Na karanta duka, na gode. Na janye cewa waya ce ta fara. Amma maganar Alhaji na Agege ta ƙara min tsoro ne, ba ta rage ba. In kalma mai kyau kamar aboki za ta iya zama abin raini don an ɗauke ta ba a san darajarta ba, to haka yaranmu ke yi wa nasu harshen da hannunsu. Ina nan kan bakana game da wuf. Aure abu ne da ake nema, a yi bincike, manya su shiga, a sa rana. Yarinyar da ta tashi tana jin ana cewa za a yi wuf da ita kamar abin da aka tsinta a hanya, ba na jin hakan bai taɓa yadda take kallon kanta ba.

Ɗan_Fagge:
Mama ni kuma a nan ne ban yarda ba. Wuf ta taimaki samari da yawa. Wanda kunya ta hana shi cewa "ina son ki da aure" ya samu hanyar faɗa cikin raha, in an ƙi bai ji kunya ba, in an karɓa ya turo manya. 'Yan mata ma suna faɗa, abin da da ba su isa ba. Kuma ai ta fara tsufa, yanzu in ka faɗa a cikin yara sai su ga ka makara.

Yar_Tudun_Wada:
Ni mace ce kuma ban taɓa jin ta a matsayin raini ba. Wadda ke ɓata min rai ita ce yadda aka mayar da "Hajiya". Matar da ta sauke farali ce, amma a bakin wasu samari yanzu "ya samu Hajiya" wata magana ce dabam marar daɗi. Wannan ya fi cancanta a yi faɗa a kai.

Almajirin_Zaure:
Kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Haka suka yi wa "ustaz". Malami ne a Larabci, yanzu tsokana ce ga duk saurayin da ya ɗage wando ya ƙi shiga shirme. Kalmomin addini su ne ya kamata a fi kiyayewa, don in suka zama abin wasa, abin da suke nuni gare shi ma yakan bi su.

Direban_Adaidaita:
Ni dai abin da na lura a kan titi, saran da ta kama wani abu da ake gani ita ke daɗewa. Adaidaita tana nan don babur ɗin yana nan. Ghana-must-go tana nan tun korar baƙi ta 1983 don jakar tana nan. Amma waɗanda 'yan barkwanci ke fitarwa, wata shida sun yi yawa. Fasinja ya faɗa a yi dariya, bayan Sallah ba mai tunawa.

Ɗalibar_Harshe:
Yaya direba, kana da hujja, amma "wanka" fa? Ba ta kama wani abu ba, kuma ta zauna daram. "Ya ɗau wanka" ya yi kwalliya ke nan, ko ruwa bai taɓa ba. "An wanke shi" kuma an damfare shi. Shekaru nawa ana faɗa, har a rediyo. Ina ganin wadda ta cike wani gurbi da mutane ke buƙata ita ke tsira, ko da abin gani ko babu.

Anti Ummi, kan tambayarki ta biyu, hana yara ba zai yiwu ba, don hanin ma shi ke ƙara wa sara daɗi. Abin da na ga yana aiki shi ne yaro ya san tsohuwar ma'anar tare da sabuwar. Ɗan_Fagge ya ce ba ya faɗar waccan kalma gaban mahaifinsa, wato ya san nauyinta. Wanda nake ji wa tsoro shi ne ƙaninsa da zai tashi bai san tana da wani nauyi ba sam.

Ummin_Yara:
To ai ƙanin nasa shi ne a ɗakina, 'yar nan. Shi ya sa na kawo maganar.

Tsohon_Malamin_Firamare:
Maganar direba ta tuna min kuɗi. Abin yakan tafi, sunan ya zauna. Sisi da taro da sule duk sun tafi da zuwan naira a 1973, amma har gobe ana cewa "ba ni da ko sisi". Jaka fam 100 ce, ta zama naira 200, kuma tsofaffin 'yan kasuwa har yanzu da ita suke lissafi. Naira 20 kuma Murtala ce saboda hoton da ke jiki.

Bamaraɗe:
Baba, wanga lissafi naku shi ke haɗa mu rigima da 'yan Jibiya. Wurinmu jikka sefa 1000 ce, dala kuma sefa 5. In na ce ma mutum dala ashirin, sefa 100 nike nufi. Yaron da ya saba jin dalar Amurka a rediyo sai ya zaro ido. Shi ya sa in ciniki ya faɗa, kafin a tafa sai an tambaya, jikkar wa, taku ko tamu?